JIRGIN CAUDRON « GOÉLAND » DA ZANGON DAMAGARAM: ƙirar jirgi, nisan hanya da kalmomin tafiya (1920-1946)

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba tarihi da ƙirar wani ƙaramin jirgin sama na Faransa mai inji biyu, Caudron « Goéland », tare da auna ƙarfinsa da nisan hanyoyin da suka ratsa Damagaram a shekarun 1930. Abin da muke son nunawa shi ne, matsayin da garin ya samu a taswirar jiragen sama na wancan lokaci ya dogara ne a kan gajeren numfashin jiragen, kuma ya rasa shi da numfashinsu ya ƙaru. A ƙarshe za mu ga yadda Hausa ta karɓi wannan sabon abin hawa da kalmomin kwale-kwale da na ayari.

1. Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kai malamin harshe ga maganar fiffike da inji. Dalilin shi ne kalmar « zango ». A cikin wani aiki da muke yi a kan kalmomin tafiya, mun lura cewa in mai fassarar labarai yana son ya ce jirgi ko makami yana zuwa nesa, sai ya ce « mai cin dogon zango ». Wato har yau Bahaushe yana auna ƙarfin na'ura da ma'aunin raƙumi. Wannan ya sa muka ga ya kamata a ɗauki jirgi guda, a duba awonsa da lissafi, a ga irin zangon da yake ci, sannan a ɗora lissafin a kan ƙasar da muka sani.

Mun zaɓi Goéland ne saboda yana cikin ƙananan jiragen Faransa masu inji biyu da aka fi ƙerawa a zamaninsa, kuma ya yi aiki a sararin Nijar, a layin Kwatano zuwa Yamai. Manyan jiragen da suka buɗe layin da ya bi ta Damagaram masu inji uku ne, za mu ambace su a gurbinsu. Amma awon Goéland ya isa ya nuna iyakar abin da jirgin fasinja na wancan zamani yake iya yi.

2. Damagaram kafin jirgi

A ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimun (1851-1884), Damagaram babban masauki ce a kan hanyar da ta taso daga Tarabulus, ta bi Ghat da Abzin, ta nufi Kano. Ayari yana kawo bindigogi, tufafi, takarda da duwatsun ado, yana komawa da fatu, gashin jimina, hauren giwa da bayi. Sarki da fadawansa suna cikin Birni, bayan ganuwa. Fatake kuwa, Buzaye da Larabawa da Hausawa, suna sauka a arewa da Birni, a unguwar da har yau sunanta Zango. Matafiyan Turai ma nan suka yada zango: James Richardson a farkon 1851, Heinrich Barth a ƙarshen 1852.

Abubuwa uku suka rage wa garin wannan matsayi. Na farko, cin ƙasar da Faransawa suka yi a 1899, bayan yaƙin Tirmini. Na biyu, isowar dogo Kano a 1911, wanda ya juya kasuwanci zuwa teku, ya bar hanyar Tarabulus tana mutuwa. Na uku, ɗauke hedkwatar mulkin mallaka daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, bayan shekara 15 garin yana riƙe da ita. Dalilan da aka saba kawowa su ne ƙarancin ruwa da kusancin garin da Najeriya ta Ingila. Saboda haka jirgin sama ya zo ne a daidai lokacin da garin yake rasa abin da ya sa matafiyi yake tsayawa a cikinsa.

3. Jiragen farko (1920-1935)

Ƙetare Sahara da jirgi ya fara ne da hasara. A watan Fabrairu 1920 jiragen soja masu inji ɗaya suka taso daga Aljeriya suka nufi kogin Kwara. Na Joseph Vuillemin ya kai, amma wanda ya ɗauko Janar Laperrine ya ɓata hanya, mai ya ƙare masa, ya yi saukar dole a cikin rairayi, janar ɗin ya rasu a can ranar 5 ga Maris. A watan Fabrairu 1925 kuma, ɗaya daga cikin manyan jirage biyu na tawagar De Goÿs, da suke nufin tafkin Cadi, ya faɗi wajen tashi a Yamai. A cikinsa akwai Vuillemin da Jean Dagnaux, waɗanda suka tsira.

A wannan shekara ce ɗan Beljiyam Edmond Thieffry ya haɗa Burusel da Kinshasa da jirgin Handley Page mai inji uku. Ya tashi ranar 12 ga Fabrairu, ya isa ranar 3 ga Afrilu, ya biyo ta Gawo, Yamai, Damagaram, Fort-Lamy (Njamena ta yau) da Bangi. Kwana 51 ya yi a hanya, alhali zamansa a sama bai wuce awa 75 da ƴan mintoci ba. Sauran kwanakin duk jira ne: jiran mai, jiran gyara, jiran kayan gyara. A can kudu, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan Ingila suka sauka a Kano. A ƙarshen 1933 Vuillemin, wanda ya zama janar, ya jagoranci ayarin jiragen soja Potez 25 guda 28 suka zaga Afirka ta Faransa, Damagaram tana cikin masaukansu.

Layin kasuwanci ya zo bayan haka. A 1934 gwamnatin Faransa ta kafa Régie Air Afrique a ƙarƙashin Dagnaux, da jiragen Bloch 120 masu inji uku, a kan hanyar Alje, Gawo, Yamai, Damagaram, Fort-Lamy, Bangi, Barazabil. (Kada a haɗa wannan kamfani da Air Afrique na ƙasashe masu ƴanci, wanda aka kafa a Yawunde a 1961, ya rushe a 2002.) Ranar 23 ga Fabrairu 1935 kamfanin Sabena na Beljiyam ya buɗe nasa layin zuwa Kwango da jirgin Fokker F.VII, tafiyar kwana biyar da rabi, shi ma yana ya da zango a Damagaram. A 1935 ɗin dai, Aéromaritime, reshen kamfanin jiragen ruwa Chargeurs Réunis, ya buɗe layin Kwatano zuwa Yamai domin haɗa bakin teku da wannan babbar hanya. Ya fara da ƙaramin Caudron « Pélican » mai inji ɗaya, daga baya Goéland ya shigo aikin.

4. Asalin Goéland

Wa da ƙane ne, Gaston da René Caudron, ƴan yankin Somme a arewacin Faransa, suka fara ƙera jirage a 1909. Gaston ya mutu a 1915 wajen gwajin jirgi. A 1933 kamfanin motoci na Renault ya saye gidan, abin da ya sa daga nan kusan kowane jirgin Caudron da injin Renault yake tashi. Mai zanen jiragen gidan a lokacin shi ne Marcel Riffard, wanda ra'ayinsa shi ne a samu gudu ta hanyar santsin jiki da rage nauyi, maimakon ɗora ƙaton inji. Jiragensa na tsere sun ci gasar Coupe Deutsch de la Meurthe sau uku a jere, daga 1934 zuwa 1936, kuma da ɗaya daga cikinsu Hélène Boucher ta yi gudun kilomita 445 a awa a watan Agusta 1934.

Daga wannan gwaninta aka fitar da jirage biyu na tafiye-tafiye: « Simoun » mai inji ɗaya da kujeru huɗu, da « Goéland » mai inji biyu, wanda aka zana a 1934 da lamba C.440. An yi ta gyara shi ana canza lamba: C.444, C.445, C.449. Akwai C.447 na ɗaukar majiyyata. Kamfanin Air Bleu ya yi amfani da shi wajen kai wasiƙu da dare a cikin Faransa a 1939. Da Jamus ta mamaye ƙasar a 1940, masana'antar Issy-les-Moulineaux ta ci gaba da ƙera shi domin sojan saman Jamus, bayan yaƙi kuma aka ci gaba har zuwa ƙarshen shekarun 1940. Jimillar waɗanda aka ƙera ta haura 1000 nesa ba kusa ba.

Sunayen ma abin lura ne. « Simoun » daga Larabci yake, samum, iskar hamada mai zafi. « Goéland » kuwa Faransanci ya aro shi daga harshen Biritaniyar Faransa, sunan wani farin tsuntsun bakin teku ne da Bahaushen tudu bai taɓa buƙatar raɗa masa suna ba.

5. Ƙirar jirgin

5.1. Awo

Ga awon samfurin C.445, wanda ya fi yawa:

tsawon jiki: mita 13 da santimita 68
faɗi daga kan fiffike zuwa kan fiffike: mita 17 da santimita 59
nauyi babu kaya: kimanin kilo 2300
nauyi da cikakken lodi: kilo 3500
inji: Renault 6Q guda biyu, kowane ƙarfin doki 220
iyakar gudu: kilomita 300 a awa, gudun tafiya: kimanin 260
nisan da yake ci kafin ya sake shan mai: kimanin kilomita 1000
mutane: matuƙa biyu, fasinja shida

Fiffikensa ɗaya ne, a ƙasan gangar jiki, babu sanduna ko wayoyi masu tallafe shi daga waje kamar na jiragen 1920. Manyan tayoyin biyu suna naɗewa su shige bayan injuna in jirgi ya tashi, ƙaramar taya tana ƙarƙashin wutsiya. Akwai ma'ajiyar kaya gaba da baya, da makewayi a bayan ɗakin fasinja. Injin silinda shida ne a jere, an kifa shi kai ƙasa domin matuƙi ya ga gabansa kuma farfela ta ɗaga daga ƙasa. Iska ce take sanyaya shi, ba ruwa ba, wanda kuwa sauƙi ne a ƙasar da aka ɗauke wa hedkwata saboda ƙishirwa.

Tsakanin nauyin jirgi babu kaya da nauyinsa cike akwai kilo 1200 kacal. A cikinsu za a fitar da matuƙa, fasinja, isansi, baƙin mai, jakunkunan wasiƙa da ruwan sha na ko-ta-kwana. In muka ƙiyasta mutum takwas a kan kilo 75 kowane, rabi ya tafi. Duk kilon isansi da aka ƙara domin a ci nisa, kilon wasiƙa ne ko na fasinja aka sauke. Wannan ciniki tsakanin nisa da lodi shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

5.2. Me ya sa inji biyu?

Amsar da take zuwa kai tsaye ita ce tsaro: in ɗaya ya mutu, ɗaya yana nan. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Doki 440 suna ɗauke da kilo 3500, wato kusan kilo 8 a kan kowane doki. In inji ɗaya ya tsaya, kowane doki ya koma ɗaukar kilo 16. Mafi yawan ƙarfin da ya saura yana tafiya ne wajen riƙe jirgi a inda yake, abin da ya rage na hawa sama kaɗan ne. Masu koyar da tuƙi suna cewa ƙaramin jirgi mai inji biyu da ya rasa rabin ƙarfinsa yana rasa kusan kashi 80 cikin 100 na iya hawansa. Ga kuma injin da ya saura yana jan jirgi gefe guda, dole matuƙi ya danne da ƙafa ya miƙar da shi. Saboda haka amfanin inji na biyu a sararin Sahel shi ne ya ba matuƙi lokaci, yana sauka sannu a hankali, har ya kai wani fili da aka share a gefen hanya, kusa da gari da rijiya. Wanda ya tuna ƙarshen Laperrine ya san darajar wannan lokaci.

Wata dabara da aka shigar tun daga C.444 ita ce, injunan biyu ba gefe ɗaya suke juyawa ba: ɗaya dama, ɗaya hagu. Farfela in tana juyawa tana murɗa jirgi zuwa ɗaya gefen. In biyu suka saɓa wa juna, murɗawar ta kashe kanta, jirgi ya tafi sak wajen tashi. Kuɗin wannan sauƙi a ƙasa ake biyan shi, domin farfelar dama ba ta shiga gurbin ta hagu. Tashar da take nesa da teku dole ta ajiye kaya iri biyu, ko ta jira, kamar yadda Thieffry ya yi jiran farfela a Bangi.

5.3. Katako

Jikin Goéland katako ne: ƙashin fiffike da na ganga katako, an lulluɓe su da siraran faifayen katako da aka manne hawa-hawa, wasu sassan ganga kuma da ƙyalle mai tauri da aka shafe da fenti. A Turai wannan zaɓi yana da hujja, katako yana da araha, ba shi da nauyi, yana goguwa ya yi santsi, kuma kafinta na iya gyara shi. Amma duk wanda ya taɓa ganin ƙyauren ɗakinsa ya kumbura da damina har ya ƙi rufuwa, sannan ya tsage da hunturu, ya san abin da yake jiran irin wannan jirgi a nan. Layin Kwatano zuwa Yamai yana fitar da jirgi daga raɓar bakin teku ya kai shi busasshiyar iska a cikin awa uku zuwa huɗu, ya komo da shi. Gam ɗin da ake manne katako da shi a lokacin, wanda ake yi da sinadarin madara, laima tana ɓata shi. Rana tana cin ƙyalle da fenti. Jirgin da ya daɗe a ajiye kuma sai an tsare shi daga gara. Ba mamaki da jiragen da suka gaje shi bayan yaƙi, irin su DC-3 na Amurka, ƙarfe ne gaba ɗaya.

5.4. Zafi

Damagaram tana bisa tudu mai kimanin mita 460 daga bakin teku, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40. Iska mai zafi sakayau ce: fiffike ba ya samun abin dogara sosai, inji ba ya shaƙar abin da ya ishe shi, farfela ba ta kamawa. Jirgin da yake tashi a ɗan gajeren fili a Faransa sai ya buƙaci dogon gudu a nan, ko a rage masa lodi. Maganin da matuƙa suka samu shi ne wanda madugai suka sani tun da: sammako. A tashi da asuba, a ci rabin hanya kafin rana ta take.

6. Lissafin zango

Yanzu sai mu ɗora awon a kan taswira. Ga nisan miƙe, ta sama, a ƙiyasce:

Kwatano zuwa Yamai: kilomita 800
Yamai zuwa Damagaram: kilomita 745
Damagaram zuwa Fort-Lamy: kilomita 680
Yamai zuwa Fort-Lamy kai tsaye: kilomita 1400
Damagaram zuwa Agadas: kilomita 370
Damagaram zuwa Kano: kilomita 200

Jirgi mai cin kilomita 1000 yana iya yin Kwatano zuwa Yamai a tashi ɗaya, da ɗan rara. Ba ya iya yin Yamai zuwa Fort-Lamy. Dole ya sauka a tsakiya, kuma tsakiyar, a ƙasar da Faransa take mulki, Damagaram ce: akwai bariki, akwai gidan waya, akwai soja. Kano ma tana tsakiya, ta fi kuma wadata, amma ƙasar Ingila ce. Wannan shi ne duk sirrin bayyanar sunan « Zinder » a jadawalin kamfanonin Paris da Burusel. Ba yawan fasinjan da za su hau a garin ba ne ya sa ake sauka, tanki ne yake ƙarewa a daidai nan.

Rarar ma ba ta da yawa. A gudun kilomita 260, Yamai zuwa Damagaram tafiyar kusan awa uku ce. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, wato tana fuskantar mai tafiya gabas. In muka ɗauki misalin iska mai rage masa kilomita 40 a awa, tafiyar ta ƙaru da rabin awa, mai yana ta ƙonewa. Ga hazo yana rufe ƙasa, alhali matuƙin lokacin da ido yake bin hanya: tsohuwar hanyar mota ta Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, da duwatsun da suke kewaye da Damagaram. Wanda ya kauce da ƴan kilomita a cikin hazo zai iya wuce garin bai sani ba.

A kwatanta da ayari. Raƙumi mai kaya yana cin kilomita 25 zuwa 30 a yini, Damagaram zuwa Kano kwana goma ne ko kusa da haka. Goéland zai yi wannan nisa a ƙasa da awa ɗaya. Ma'aunin ya canza ƙwarai, amma ƙa'idar tana nan: ana sauka ne inda guzuri ya ƙare, kuma garin da ya dace da wurin shi yake cin moriya.

7. Su wa suke ƙasa, su wa suke sama?

Kujeru shida ba na kowa ba ne. Masu hawa irin waɗannan jirage su ne gwamnoni da kwamandoji, hafsoshin soja, wakilan kamfanonin ciniki, wani lokaci majiyyaci Bature da ake gaggawar kai wa likita. Babban lodin kuwa wasiƙa ce. Takardar da a da take yin makonni tsakanin Paris da Damagaram, ta jirgin ruwa da dogo da kamiyo, ta koma yin ƴan kwanaki. Ga mai mulki wannan riba ce babba: umarni yana saurin zuwa, rahoto yana saurin komawa. Sarautar Damagaram, wadda aka dakatar bayan zargin makirci na 1906 aka kuma maido da ita a 1923 da Sarki Barma Mustafa, tana ƙarƙashin mulkin da hannunsa ya ƙara tsawo.

Talaka kuwa ta ƙasa ya san jirgi. A Afirka ta Yamma ta Faransa, gyaran hanyoyi da share filayen sauka suna cikin ayyukan tilas da ake ɗora wa kowane baligi na wasu kwanaki a shekara, ƙarƙashin tsarin da dokar « indigénat » take tsarewa. Filin jirgi na lokacin ƙasa ce da aka sassabe, aka tumɓuke kututture, aka cike ramuka, aka rushe suri, aka jera fararen duwatsu a gefe. Kowace damina tana ɓata shi, kowace kaka sai an sake. Isansi kuma a gwangwani da ganga yake zuwa, kuma hanya mafi kusa ga duk kayan da suke shigowa Damagaram daga teku ita ce ta dogon Kano. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946. Duk mai rubuta tarihin santsin fiffiken Riffard a wannan ƙasa, wajibi ne ya sa gatari da fartanyar masu sharar fili a cikin lissafi, domin ba don su ba tayoyin nan masu naɗewa ba su da inda za su taka.

8. Yaƙi, da komawar hanya Kano

Dagnaux ya mutu a fagen fama a watan Mayu 1940, kamfaninsa kuma aka haɗe shi da Air France a 1941. Ranar 26 ga Agusta 1940 Cadi, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, Nijar kuwa ta zauna tare da gwamnatin Vichy har zuwa Nuwamba 1942. Damagaram, wadda take tsakiyar hanya, ta wayi gari a bakin iyaka, gabas da kudu duk abokan gaba.

A cikin waɗannan shekaru Ingila ta buɗe hanyar Takoradi: ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta teku, a harhaɗa su a Gwalkwas, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy da Khartum zuwa Masar. Dubban jirage suka bi ta nan. Aka faɗaɗa filin Kano, aka sa masa rediyo da ma'ajiyar mai. Da yaƙi ya ƙare, jirage masu inji huɗu irin su DC-4, masu cin dubban kilomita, suna ƙetare Sahara a tashi ɗaya daga gaɓar Bahar Rum, kuma Kano suka zaɓa: Sabena, KLM da BOAC duk can suke shan mai. Lissafin da ya sa Damagaram a taswira a 1934 shi ya cire ta. Filin garin ya ci gaba da aiki, amma na zirga-zirgar cikin gida, kamar ta kamfanin Air Niger da aka kafa a 1966. Kano ma daga baya ta ɗanɗana irin wannan, da jirage masu injin jet suka fara wuce ta.

9. Kalmomin

Harsuna ba hanya ɗaya suka bi wajen raɗa wa jirgin sama suna ba. Faransanci ya bi tsuntsu: Clément Ader ya ƙirƙiro « avion » daga kalmar Latin ta tsuntsu. Suwahili ma « ndege » yake cewa, tsuntsu ke nan. Bambaranci ya bi ruwa: « pankurun », kwale-kwale mai tashi. Hausa ruwa ta bi:

(1) jirgi > jirgin ruwa, jirgin ƙasa, jirgin sama
(2) tuƙa (tuwo, kwale-kwale) > tuƙa jirgi > matuƙi

A (1) kalmar asali ta zama uwa, sai aka bambanta ƴaƴan da wurin tafiyarsu. A (2) hannun da yake juya muciya ko filafili shi ne ya koma riƙe sitiyari. Sassan jiki kuwa daga tsuntsu da dabba aka ɗauko su: fiffike, wutsiya, hanci, ciki. Amma kalmomin tafiyar kanta na ayari ne:

(3) ayari ya tashi / jirgi ya tashi
(4) ayari ya sauka / jirgi ya sauka
(5) ya da zango / cin dogon zango

A (3) da (4) an yi dace: « tashi » da « sauka » dama suna ɗauke da ma'ana biyu, ta sama da ƙasa, da ta barin masauki da isa masauki. Jirgin sama ya haɗa ma'anonin biyu a aiki ɗaya. A nan ya kamata a yi hattara da « tasha », wadda kunne yake ji kamar ƴar « tashi » ce, alhali aro ce daga Ingilishi, ta shigo tare da dogo.

Aro ya taru ne a wajen na'ura da abin da take sha, kuma a nan iyakar mulkin mallaka take fitowa fili: « fetur » a Kano, « isansi » a Damagaram. Sai dai kalmomi irin su « inji » da « farfela », masu asalin Ingilishi, sun haura iyaka sun zauna a bakin mutanen arewa da ita. Wannan ya yi daidai da abin da muka gani a sashe na 7 da na 8: kaya da makanikai da direbobi ta Kano suke zuwa, kalmomi suna biye da su.

10. Kammalawa

Mun ga cewa kowane zaɓi da Riffard ya yi a teburinsa yana da sakamako a ƙasar nan. Katako ya ba da sauƙin nauyi, ya kawo wahalar adanawa. Inji biyu sun ba da lokacin neman fili, fili kuma sai da masu share shi. Kilo 1200 na lodi sun tsayar da zango a kusan kilomita 1000, wannan kuma ya sa jiragen zamanin sauka a Damagaram na ƴan shekaru, bayan ta rasa ayari da hedkwata.

Aikin da ya rage na haɗin gwiwa ne tsakanin masu tarihi da masu harshe. Rahotannin da'irar Zinder da suke ajiye a gidan adana takardun ƙasa a Yamai sun cancanci a bi su a kan kwanakin aikin tilas da aka kashe a filayen sauka. A Birni da Zango da ƙauyukan da suke kan hanyar Tasawa kuma, akwai jikokin waɗanda suka yi sharar. Muna ba ɗalibanmu masu neman batun digiri shawara su je da rakoda, su tambayi sunan da kakanninsu suke kiran filin da shi, da kalmomin da suke amfani da su in suna ba da labarin aikin, tun masu riƙe da labarin suna nan.